Ƙirgar Kwanaki Tsakanin Manchester da Kano: Yadda Na Ga Aikin Wani Ofishin Masana Haraji

Na yi shekara 11 ina aikin haɗa magunguna a wani asibiti da ke Manchester, kuma a duk tsawon wannan lokaci ban taɓa cike fom ɗin haraji da hannuna ba, domin kafin albashi ya shigo asusuna an riga an cire wa gwamnati nata rabon. Sai da na yanke shawarar komawa gida Kano a shekarar 2024, bayan wani kamfanin rarraba magunguna ya ba ni aiki, sannan na fahimci cewa sauƙin da na saba da shi na mutumin da ke zaune wuri guda ne. Ni zan tafi a watan Satumba, maiɗakina da yara za su zauna har ƙarshen shekarar karatu a watan Yulin 2025, gidan da muka saya a can za mu ba da shi haya, ga kuma wani ɗan rabo na gado da nake da shi a Kano. Wannan ne ya kai ni ofishin wasu masana haraji a Ingila, waɗanda suke tallata kansu a matsayin ƙwararru kan harajin masu ƙaura tsakanin Birtaniya da ƙasashen Afirka, har da Najeriya. Ba zan ambaci sunan ofishin ba, saboda akwai inda zan yaba musu, akwai kuma inda zan kawo ƙorafi. Amma irin wannan hidima ta yawaita, kuma 'yan uwa da dama suna tambayata ko kuɗin da ake biya yana biyan buƙata.

Na fara tuntuɓarsu a watan Yunin 2024, wato wata 3 kafin tafiyata. Abin da suka fara nema shi ne fasfo da shaidar adireshi, kamar yadda dokar hana halatta kuɗin haram ta wajabta musu, sannan suka aiko da wasiƙar yarjejeniya wadda ta fayyace aikin da za su yi da abin da zan biya. Zaman farko na awa 1 ta bidiyo fam 250 ne, cikakken rahoto tare da cike fom ɗin shekarar da na bar ƙasar kuma fam 1,400. Kafin in sa hannu na bincika na tabbatar cewa matar da za ta riƙe fayil ɗina mamba ce ta CIOT, wato cibiyar ƙwararrun masana haraji ta Birtaniya. Wannan binciken yana da muhimmanci, domin a can babu dokar da ta hana kowa ya kira kansa mai ba da shawara kan haraji, kuma a cikin al'ummarmu akwai masu yin wannan aiki a falon gidajensu ba tare da wata cibiya tana sa musu ido ba.

Zaman farkon nan shi ne mafi daraja a cikin duk abin da na biya, don haka zan daɗe a kansa. Na shiga da tunanin da yawancinmu muke da shi, cewa ranar da mutum ya hau jirgi ya bar ƙasa, ranar ce alaƙarsa da hukumar harajinta ta yanke. Matar ta bayyana mini cewa tun daga 6 ga Afrilun 2013 Birtaniya tana da rubutacciyar ƙa'ida ta gane wanda yake mazauninta ta fuskar haraji, kuma ƙa'idar ba ta kallon fasfo, ba ta kallon niyyar zuciya, abin da take ƙirgawa shi ne kwanaki da kuma igiyoyin da suka ɗaure mutum da ƙasar. Kwana a wurinsu shi ne duk ranar da ƙarfe 12 na dare ya riske ka a cikin ƙasar. Wanda ya kai kwana 183 a shekarar haraji mazauni ne kai tsaye. Wanda bai kai ba, ana duba igiyoyinsa: ko matarsa da ƙananan 'ya'yansa suna can, ko yana da masaukin da zai iya sauka, ko ya yi aiki na kwana 40 a can, ko ya wuce kwana 90 a ɗaya daga cikin shekaru 2 da suka gabata, ko kuma Birtaniya ce ƙasar da ya fi kwana a cikinta. Ga wanda ya daɗe yana zaune sannan ya tashi, igiya 3 da kwana 46 kacal sun isa su mayar da shi mazauni. Ni kuwa, da iyali da gida da shekarun baya, igiya 3 ɗin suna wuyana tun kafin in shiga jirgi.

Matsala ta biyu ita ce shekarun ƙasashen biyu ba su daidaita ba. Shekarar haraji a Birtaniya tana farawa 6 ga Afrilu ta ƙare 5 ga Afrilu mai zuwa, ta Najeriya kuma tana bin kalanda ne daga Janairu zuwa Disamba. Tunda na yi aiki a Manchester daga Afrilu zuwa Agusta ina zaune a gidana, doka tana ganina mazauni a shekarar 2024 zuwa 2025 gaba ɗayanta, kuma mazauni ana karɓar haraji a kan abin da ya samu a ko'ina a duniya. Ma'ana, albashin da zan fara karɓa a Kano daga Satumba zai shiga lissafin HMRC, hukumar harajin Birtaniya. Mafitar ita ce abin da suke kira raba shekara gida biyu, wanda dokar ta tanadar wa yanayi 8 daban-daban. Nawa yanayin shi ne na farko, na wanda ya fara cikakken aiki a ƙetare, wato aikin da ya kai matsakaicin awa 35 a mako. Sai dai wannan sassauci yana da sharaɗi, kuma a nan ne ofishin ya yi mini aikin da ba zan manta ba. Matar ta lissafa mini cewa tunda a Satumba zan fara aiki, daga ranar zuwa 5 ga Afrilun 2025 ba ni da izinin wuce kwana 52 a Birtaniya, kuma kwanakin da zan yi aiki a can kada su wuce 17. Duk ranar da na yi fiye da awa 3 ina aiki, ko da amsa saƙonnin ofishin Kano ne daga ɗakin cin abincinmu na Manchester, ranar aiki ce a idon doka.

Ni kuwa shirina shi ne in yi Disamba gaba ɗaya tare da yara, sannan in koma in yi azumin watan Ramadan da ƙaramar Sallah tare da su a watan Maris. Da muka ƙirga, shirin ya haura kwana 60. Da na bi shi, da raba shekarar ya rushe, kuma tunda albashina na wata 5 a asibiti ya riga ya cinye fam 12,570 ɗin da ba a karɓar haraji a kansa, duk abin da na samu a Kano da ya faɗa ƙarƙashin harajin kashi 20 ko ma kashi 40 cikin 100, sai dai a rage mini abin da na biya a gida. Na yanke ziyarar Disamba zuwa mako 3, na kuma je kwana 10 na ƙarshen azumi kawai. Ta kuma gargaɗe ni cewa sharaɗin bai ƙare a nan ba, domin a shekarar da ke biye dole in ci gaba da cikakken aiki a ƙetare, kwanakina a Birtaniya su kasa 91, kwanakin aiki su kasa 31, in ba haka ba a warware sassaucin shekarar farko. Sun ba ni jadawali mai sauƙi na rubuta kowane dare, suka ce in adana tikitocin jirgi da takardun hutuna daga wurin aiki. Har yau ina cika shi.

Sai kuma maganar da ban yi niyyar kawowa ba, amma tambayoyinsu suka zaƙulo ta. A cikin fom ɗin bayanan da suka ba ni akwai tambaya kan ko ina da wata kadara a wajen Birtaniya. Na rubuta cewa ina da kaso a wani gida da wasu shaguna da mahaifinmu ya bari, Allah Ya jiƙansa, tun rasuwarsa a 2018, amma na ƙara da cewa ban taɓa karɓar ko kwabo ba, domin babban yayanmu ne yake karɓar kuɗin hayar, kuma mun amince tun farko cewa rabona ya tafi wajen hidimar Hajiya. Matar ta saurare ni cikin girmamawa, sannan ta ce a idon doka kuɗin nawa ne tun daga lokacin da aka raba gado, kuma abin da na zaɓi in yi da shi, ko ciyar da mahaifiya ne, bai cire shi daga matsayin kuɗin shigata ba. Kafin 6 ga Afrilun 2025 akwai sassauci ga wanda asalinsa ba Birtaniya ba ne: idan abin da ya samu a ƙetare bai shigo da shi ba ya kasa fam 2,000 a shekara, babu abin da zai bayyana. Rabona kusan naira miliyan 1.2 ne a shekara. A shekarun 2019 zuwa 2022 wannan ya haura fam 2,000, sai bayan da aka saki naira a watan Yunin 2023 darajarta ta faɗi ne adadin ya koma ƙasa da iyakar. Ashe na yi shekaru da bashin haraji a kaina ban sani ba.

Gaskiya hankalina ya tashi, kuma na tambaye ta kai tsaye ko akwai yadda za a yi hukumar ta sani. Amsarta ta ƙara mini ganin ƙimarta. Ta ce Najeriya da Birtaniya duka suna cikin tsarin da ƙasashe ke musayar bayanan asusun banki a tsakaninsu, cewa HMRC tana da ikon komawa baya har shekara 12 a kan abin da ya shafi ƙetare ko da kuskure ne ba ganganci ba, kuma a mafi munin yanayi tara na iya kaiwa kashi 200 cikin 100 na harajin. Amma ta ce ko da babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, ita ba za ta sa hannu a kan fom ɗin da ta san bai cika ba. Akwai ƙofar da hukumar ta buɗe tun 2016 domin masu son bayyana irin wannan da kansu, inda mutum zai sanar, a ba shi kwana 90 ya kawo lissafi. Ta nan muka bi.

Tattara shaidun ne ya fi wahala, kuma a nan na fara ganin iyakar saninsu da yadda muke rayuwa. Sun nemi rubutacciyar yarjejeniyar haya ta kowane shago, da bayanan banki, da rasit na kowane gyara. Na kira yayana na ce, "Yaya, don Allah ko za ku taimaka mini da lissafin hayar gidan nan tun daga rasuwar Baba?" Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Lafiya dai ko? Akwai wanda ya ce an ci maka haƙƙi ne?" Sai da na ɗauki lokaci ina rantse masa cewa ba zargi ba ne, hukuma ce ta wata ƙasa take tambaya. Abin da yake da shi littafi ne na makaranta da yake rubuta komai da biro, da takardar rabon gado daga kotun shari'a. Ofishin ya ɗauki kusan mako 2 yana jan ƙafa kafin ya yarda cewa hotunan shafukan littafin da fassarar takardar kotun sun wadatar. Da suna da wanda ya san yadda ake riƙon gidajen gado a Arewa, da ba a ɓata wannan lokaci ba, kuma da an gargaɗe ni cewa irin wannan tambaya tana iya taɓa zumunci, in san ta inda zan ɓullo mata. A ƙarshe harajin da kuɗin ruwan jinkiri da 'yar tarar da na biya ba su kai abin da na tsorata ba. Sai dai wannan aikin ba ya cikin farashin farko, da awa suke cajinsa. Sun ƙiyasta mini fam 600, takardar biya ta zo da fam 950, kuma babu wanda ya sanar da ni lokacin da aka wuce ƙiyasin. Na yi ƙorafi a rubuce, suka rage fam 150, amma na fi son a ce sun tsaya sun tambaye ni tun kafin su zarce.

Fom ɗin shekarar tafiya sun cike shi da kyau kuma a kan lokaci. Wanda zai nemi raba shekara dole ya haɗa da shafukan SA109 na bayyana matsayin zamansa a ƙasar, waɗanda ba a iya aikawa ta shafin intanet na kyauta na hukumar, sai dai ta takarda kafin 31 ga Oktoba ko ta manhajar kasuwanci kafin 31 ga Janairu, kuma jinkirin kwana 1 tarar fam 100 ce. Sun aika nawa tun watan Yunin 2025. Saboda tsarin cire haraji daga albashi yana raba fam 12,570 ɗin nan a kan wata 12, ni kuma wata 5 kawai na yi aiki, an cire mini fiye da ƙima, aka kuma mayar mini da rarar. Abin da aka mayar ya kusa biyan kuɗin rahoton.

A kan gidan Manchester sun yi daidai a bayani, suka yi sakaci a aiki. Bayanin shi ne yarjejeniyar hana karɓar haraji sau biyu da Najeriya da Birtaniya suka sanya wa hannu a 1987 ta bai wa ƙasar da gida yake cikinta damar fara karɓar haraji a kan hayarsa, don haka ko ina Kano zan ci gaba da cike fom a can duk shekara. Dillalin da ke karɓar haya wajibi ne ya cire kashi 20 cikin 100 ya miƙa wa hukuma, sai in mai gidan ya samu amincewa ta hanyar fom ɗin NRL1, kuma tunda ni da maiɗakina muka mallaki gidan tare, kowannenmu zai nemi nasa. Sun yi alkawarin shirya mana wannan kafin ɗan haya ya shiga a Satumban 2025, amma matar da ke riƙe da fayil ɗinmu ta tafi hutu, babu wanda ya karɓi aikin, har dillali ya cire kuɗin wata 2. Kuɗin ba su ɓace ba, za su dawo a lissafin ƙarshen shekara, sai dai a watannin da muke biyan kuɗin makarantar yara a Kano muna kuma biyan bashin gidan a can, rashinsu ya taɓa mu. Sun kuma ja hankalina kan abubuwa 2 da zan buƙata nan gaba: in na sayar da gidan ina waje, dole in sanar cikin kwana 60 ko da babu harajin da zan biya, kuma in na koma Birtaniya da zama kafin in wuce shekara 5, wasu ribobin da na samu a tsakani za su iya dawowa cikin lissafinsu.

Sashen rahoton da ya yi magana kan fansho da gado gajere ne amma ya amfane ni. Ana buƙatar shekara 10 ta biyan inshorar ƙasa kafin mutum ya samu wani abu daga fanshon gwamnatin Birtaniya, da shekara 35 kafin ya samu cikakke, kuma wanda ya fita yana iya neman ci gaba da biya don raɗin kansa ta fom ɗin CF83. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne Najeriya tana cikin ƙasashen da ba a yi wa mazaunansu ƙarin shekara-shekara a wannan fansho, adadin da aka fara biyan mutum shi zai ci gaba da karɓa. A kan gado kuwa, daga Afrilun 2025 duk wanda ya zauna shekara 10 cikin 20 da suka gabata, dukiyarsa ta ko'ina a duniya tana shiga harajin gado na kashi 40 cikin 100 a kan abin da ya haura fam 325,000, kuma wannan yana bin mutum shekara 3 zuwa 10 bayan ya bar ƙasar. Su ne suka tuna mini cewa in babu rubutacciyar wasiyya, dokar Ingila ce za ta raba gidan, ba bisa ƙa'idar Musulunci ba. Rubuta wasiyya ba aikinsu ba ne, amma sun nuna mini irin lauyan da zan nema.

Babban ƙorafina shi ne ɓangaren Najeriya. Rahoton shafi 19 ne, amma shafi 2 kacal ya taɓa Najeriya, kuma a cikin shafukan akwai kuskuren da bai kamata wanda ya rubuta sunan ƙasar a tallarsa ya yi ba. Sun umarce ni in yi rajista da hukumar tara haraji ta tarayya, wadda a lokacin ake kira FIRS. Duk wanda ya taɓa karɓar albashi a gida ya san cewa harajin kuɗin shiga na ɗaiɗaikun mutane jihar da mutum yake zaune ce take karɓa, wato a wurina hukumar tara kuɗin shiga ta Jihar Kano, in ban da wasu rukunai kamar sojoji da 'yan sanda da ma'aikatan harkokin waje. Ba su ambaci wa'adin 31 ga Maris na miƙa bayanin kuɗin shiga na shekara ba. Ba su ce komai kan takardar shaidar biyan haraji ba, wadda take nuna shekaru 3 na baya, wadda kuma ake nema a harkar filaye da kwangila, alhali wanda ya dawo daga waje ba shi da tarihin waɗannan shekaru a gida. Haka nan ba su taɓo harajin da ya kamata a biya a Kano kan hayar gidan gadon ba, duk da su da bakinsu suka ce ƙasar da gida yake ita ce ta farko. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya karɓi kuɗi da sunan ya san ƙasashe biyu, bai kamata ya tsaya a bakin iyakar ta farko ba.

Dole ta sa na nemi wani akanta a Kano, mamban cibiyar masana haraji ta Najeriya, CITN, kuma abin da na biya shi bai kai kashi 1 cikin 10 na abin da na biya a Ingila ba. Shi ne ya daidaita mini fayil ɗina a jiha, ya kuma shigar da hayar gadon. Shi ne kuma ya nuna mini abin da ya fi komai amfani game da hayar Manchester: a ƙarƙashin dokar harajin kuɗin shiga ta 1993 da aka yi aiki da ita har ƙarshen 2025, kuɗin haya da riba da aka samu a waje an yafe musu haraji in an shigo da su da kuɗin ƙetare ta asusun banki da gwamnati ta amince da shi. Da yawanmu mun saba mu ba wani fam a Manchester, ɗan uwansa ya ba namu naira a Wapa, saboda sauri da farashi mai kyau. Wannan hanya ba ta barin wata shaida da mutum zai nuna wa hukuma a kowace ƙasa, kuma tun daga lokacin na daina bin ta.

Lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu kan sababbin dokokin haraji a ranar 26 ga Yunin 2025, waɗanda suka fara aiki 1 ga Janairun 2026, na sake gwada ofishin Ingila, na tambaye su me ya canza a kaina. Sun aiko da sakin layi 2 na bayanin gama-gari. Akantan Kano ne ya zaunar da ni ya warware mini: naira 800,000 na farko babu haraji, daga nan ana hawa daga kashi 15 har zuwa kashi 25 ga abin da ya haura naira miliyan 50, maimakon tsohon tsarin kashi 7 zuwa 24. An soke tsohon rangwamen bai-ɗaya da ake cirewa daga kuɗin shiga kafin a lissafa haraji, an kawo na haya, kashi 20 cikin 100 na hayar da mutum yake biya, iyakarsa naira 500,000. Mafi muhimmanci ga masu ƙafa biyu irina, sabuwar dokar ta fayyace wanda yake mazaunin Najeriya, kuma ba kwana 183 kaɗai take kallo ba, tana duba ko mutum yana da gidan zama na dindindin a nan, da ko iyalinsa da harkokin arzikinsa suna nan. Ke nan abu ne mai sauƙi ƙasashen biyu su ce mutum nasu ne a lokaci guda, musamman 'yan uwanmu likitoci da malaman jinya da suka tafi suka bar iyali a gida. A irin wannan hali yarjejeniyar 1987 ce take raba gardama, tana farawa da inda mutum yake da gida na dindindin, sai inda rayuwarsa da arzikinsa suka fi karkata, sai inda ya fi zama, sannan ƙasar da yake ɗauke da fasfonta. Wannan tattaunawa ce da ya kamata a ce ofishin da na fara zuwa ne ya jagorance ta.

Ta fuskar mu'amala ba ni da abin cewa sai alheri. Suna amsa saƙo cikin kwana 2 na aiki, in ban da lokacin hutun da na ambata, suna rubuta Turanci mai sauƙi, kuma ba su taɓa sa mini zama a lokacin sallar Juma'a ba bayan na faɗa musu sau ɗaya. Manhajar da ake ɗora takardu a kanta tana da nauyi, ta sha yanke mini a Kano in intanet ya yi rauni, har sai da suka yarda in riƙa aikawa ta imel da lambar sirri.

Wanda albashi kaɗai yake da shi, ba gida, ba haya, kuma zai tashi da iyalinsa gaba ɗaya ba da niyyar yawan komawa ba, a ganina ba ya buƙatar cikakken rahoton fam 1,400. Fom ɗin P85 na sanar da HMRC barin ƙasa da takardar barin aiki ta P45 daga wurin aikinsa, tare da zaman awa 1 don a duba masa kwanakinsa, za su wadatar. Amma wanda zai bar iyali a baya, ko yake da gida a can, ko kaso a gidan gado a nan, kuɗin ya cancanci biya, kuma gara ya je shekara guda kafin tafiya, domin ba a fafe gora ranar tafiya, ni ma da na je da wuri da na zaɓi ranar fara aikina da kyau fiye da haka. Ya kuma tambaye su tun a zaman farko wane ne zai rubuta ɓangaren Najeriya, a wace jiha ya taɓa miƙa fom, kuma ya nemi a rubuta iyakar kuɗin duk aikin da za a caje shi da awa.

Na sabunta yarjejeniyata da su a kan abu guda, wato fom ɗin hayar Manchester na kowace shekara, nawa da na maiɗakina, a kan fam 480. Duk abin da ya shafi gida na bar shi a hannun akantan Kano, kuma na haɗa su biyun ta imel domin adadin da aka rubuta a can ya zama shi ne aka rubuta a nan. A jadawalin kwanakina na wannan shekara na rubuta dare 34 zuwa yanzu, saura tafiya guda da zan yi don duba rufin gidan kafin 5 ga Afrilu.